Sa ido kan lafiyar jikin na'urorin tsaron rezo

1. Gabatarwa

Idan aka yi maganar tsaron rezo, wato hanyar da kwamfutocin wata ma'aikata suke bi su yi hulɗa da juna kuma su fita zuwa intanet, hankalin mafi yawan masu nazari yakan tafi ga dokokin tace bayanai, da kalmomin sirri, da dabarun masu kutse. Ba kasafai ake tuna cewa abin da ke zartar da waɗannan dokoki akwati ne na ƙarfe, mai fanka da faifai da batir, wanda yake ajiye cikin wani ɗaki yana shaƙar iskar da muke shaƙa ba. Wannan akwati ne za mu duba a cikin wannan ƙasida. Na'urorin da muke nufi su ne katangar tsaro, wadda Faransanci ke kira pare-feu, da na'urar gano kutse da toshe shi, da kuma na'urar VPN mai haɗa rassan ma'aikata na nesa ta rufaffiyar hanya. A yau sau da yawa akwati guda ne ke yin waɗannan ayyuka duka.

Abin da muke son nunawa shi ne, lalacewar jikin na'ura takan ba da alama tun da nisa, amma alamar ba cikin lambar da aka karanta yau take ba, tana cikin yadda lambar ke sauyawa a tsawon watanni. Akwai kuma lalacewar da babu wani ma'aunin da ke ganin zuwanta, kuma ita ma da hanyar tsare kai daga gare ta.

2. Yadda katanga take mutuwa

Idan kwamfutar malami ɗaya ta mutu, aikin mutum ɗaya ne ya tsaya. Katangar tsaro kuwa a bakin ƙofa take, duk bayanin da zai shiga ko zai fita ta cikinta yake ratsawa. Mutuwarta iri biyu ce, kuma wanda ya ƙera ta ko wanda ya girka ta shi ke zaɓar irin wadda za ta yi. Ta farko ita ce mutuwa a rufe: na'ura ta tsaya, hanya ta yanke, kowa ya sani nan take, domin waya za ta fara ƙara a biron mai kula da rezo. Ta biyu ita ce mutuwa a buɗe. Wasu na'urorin toshe kutse suna da wani ɗan makunni a kafofinsu, wanda da zarar wuta ta ɗauke ko na'urar ta sume, yakan haɗe wayar shiga da ta fita kai tsaye, don kada aiki ya tsaya. A wannan hali babu mai kuka, intanet na tafiya daidai, har ma yakan ƙara sauri, alhali babu mai binciken abin da ke wucewa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan bangon gaba ɗaya ne ya kau, kuma masu gida ba su sani ba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai rabin mutuwa, kuma ita ta fi yawa. Furosesa, wato ƙwayar da ke yin lissafi, idan zafi ya yi mata yawa takan rage saurinta da kanta don ta tsira, sai na'urar ta fara zubar da wani sashe na bayanan da ta kasa dubawa. Kazalika wasu katangu, alal misali na FortiGate, idan ƙwaƙwalwar aikinsu ta kusa cika sukan shiga wani halin tattali, kuma gwargwadon yadda aka saita su suna iya barin bayanai su wuce ba tare da binciken ƙwayoyin cuta ba. Saboda haka tambayar "na'urar tana amsawa ko ba ta amsawa", wadda ita kaɗai mutane da yawa suke yi, ba ta isa ba.

3. Zafi, ƙura da wuta

Masu ƙera irin waɗannan na'urori galibi sukan rubuta cewa suna aiki tsakanin digiri 0 da digiri 40 na ma'aunin Selsiyus. Ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ɗakuna ta Amurka, ASHRAE, ta ba da shawarar cewa iskar da ke shiga na'ura ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27. A Yamai kuwa, cikin watan Afirilu, matsakaicin zafin rana a inuwa yakan wuce digiri 40, kuma Tawa da Maraɗi da Damagaram ba su da nisa da haka. Ke nan iskar waje ita kanta ta kai iyakar da aka rubuta tun kafin a kunna komai. Sai kuma a tuna cewa duk wutar da na'ura ta sha zafi take komawa. Tarin na'urori masu shan wat 1000 cikin rufaffen ɗaki daidai suke da murhun lantarki mai wat 1000 da ba a kashewa. Idan kilima ta tsaya a daren Juma'a, ɗakin ba zai jira safiyar Litinin ba.

Zafi ba ya kashe na'ura nan take sai idan ya wuce kima. Abin da ya saba yi shi ne rage mata kwana. Misali mafi sauƙin lissafi shi ne na kwandansater mai ruwa a ciki, wanda ake samu da yawa cikin akwatin wutar na'ura, wato sashen da ke karɓar kuran daga bango ya mai da shi ƙaramar wutar da na'urar ke sha. Ƙa'idar da masu ƙera shi suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsa biyu. A ɗauki wanda aka rubuta masa awa 2000 a digiri 105, wanda yake gama-gari ne. A digiri 55 lissafin ya ba shi awa 64,000, wato shekara bakwai da ɗan kai. A digiri 65 awa 32,000, wato ƙasa da shekara huɗu. A digiri 75 awa 16,000, bai kai shekara biyu ba. Na'ura guda, kuɗi guda, amma bambancin ɗakin da aka ajiye ta shi ne bambancin shekara bakwai da shekara biyu. Batiran darma na onduler, wato na'urar da ke riƙe wuta idan kuran ya ɗauke, su ma kusan wannan ƙa'ida suke bi daga digiri 25 zuwa sama, abin da ya sa batirin da aka sayar da alkawarin shekara biyar yakan gaji tun da wuri a ƙasashenmu.

To, wane zafi za a auna? Na'ura mai matsakaicin girma tana da ma'aunai da yawa a cikinta: ɗaya a mashigar iska, ɗaya ko fiye a furosesa, wani a mafitar iska, wani cikin akwatin wuta. Mai gaggawa yakan ɗauki na furosesa kawai, ya sa masa iyaka, ya tafi. A ganinmu lambar da ta fi amfani ita ce tazarar da ke tsakanin zafin mashigar iska da zafin cikin na'ura. Idan duka biyu suka hau tare, laifin ɗaki ne, sai a nemi mai gyaran kilima. Idan na mashiga yana nan inda yake amma na ciki yana hawa, laifin na'urar ce: ko dai matatar iska ta toshe, ko wata fanka ta gaji, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe.

A nan ne saurin fanka yake shigowa. Kowace fanka tana da waya mai ba da labarin yawan juyinta a minti guda, kuma na'urar da kanta take ƙara mata sauri ko ta rage don ta riƙe zafi a wuri ɗaya. Wannan dabara tana da kyau, amma tana ɓoye cuta. A ɗauka cewa a watan Nuwamba iskar ɗaki tana digiri 26, furosesa tana 60, fanka tana juyi 6000 a minti. A watan Fabarairu iskar ɗaki tana 26, furosesa tana 60, amma fanka ta kai 8500. Wanda ya dubi zafi kawai zai ce lafiya lau. Gaskiyar magana ita ce hazon hunturu, wanda babban sashensa yake tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ya cika matata, kuma fanka tana cinye rarar ƙarfin da ya kamata ta ajiye wa bazara. Ranar da ta kai ƙarshen saurinta, daga nan ne zafi zai fara hawa, kuma lokacin an makara da wata biyu. Ƙurar hunturu tana da wata illar kuma: idan ta kwanta kan allon lantarki, damina ta zo da laima, takan daskare ta zama laka mai jan wuta.

Batun kuran ba ya buƙatar dogon bayani ga mai karatu a nan. Abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke shigowa Nijar daga Najeriya bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, har zuwa farkon 2024, ya nuna yadda ɗakin na'urori ke iya rayuwa wata da watanni tsakanin kuran da gurup da batir. Kowace ɗaukewa da dawowa duka ce ga akwatin wuta, domin a daidai lokacin kunnawa ne yake jan wuta mafi yawa. Onduler mai katin rezo yana iya ba da labarin ƙarfin wutar da ke shigo masa, da sau nawa ya koma kan batir, da mintocin da yake zaton batirin zai riƙe. An tsara sigar wannan bayani tun 1994 cikin takardar RFC 1628. Sai dai zaton mintoci zato ne kawai. Batirin da ya tsufa yakan nuna cikakken caji har sai an ɗora masa kaya, sa'annan ya faɗi cikin daƙiƙoƙi, don haka gwaji da kaya na gaskiya lokaci lokaci tilas ne.

A cikin na'urar, wutar ta kasu bolt 12, da bolt 5, da bolt 3.3, kuma abin da aka saba yarda da shi shi ne kada kowace ta kauce fiye da kashi 5 cikin 100, wato ta bolt 12 ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Layin da ke sauka a hankali cikin watanni alama ce ta akwatin wuta mai tsufa. Manyan na'urori suna zuwa da akwatin wuta biyu, don ɗaya ya riƙe idan ɗaya ya mutu. Amfanin wannan yana ƙarewa ne idan na farko ya mutu ba wanda ya sani, ko kuma idan an cusa wayoyin biyu cikin soket guda, abin da ake gani fiye da yadda ake zato. Akwai kuma wani ɗan batir mai kamar kwabo, CR2032 mai bolt 3, wanda ke riƙe agogon na'ura idan an kashe ta. Muddin na'urar na kunne ba a sanin ya mutu. Ranar da wuta ta ɗauke ta dawo, sai na'urar ta tashi da kwanan watan shekarun baya, ta ɗauki takardun shaidarta na lantarki a matsayin waɗanda lokacinsu bai zo ba, hanyoyin VPN su ƙi haɗuwa, kuma duk abin da ta rubuta a rajista ya fito da kwanan wata na ƙarya.

4. Faifan ajiya da ƙidayar awoyi

Katangar tsaro tana rubutu ba dare ba rana, domin kowace haɗuwa da ta bari ko ta hana tana iya zama layi a rajista. Faifai masu juyi da faifan SSD suna da wani tsarin duba kai mai suna SMART, wanda ya samo asali a tsakiyar shekarun 1990. Yana ƙidaya abubuwa da dama, amma kaɗan ne masu ma'ana: yawan gurabun da suka lalace aka maye su da na ajiya, mai lamba 5 a jerin, da gurabun da ake shakkarsu, mai lamba 197, da waɗanda aka kasa gyarawa, mai lamba 198. Abin lura shi ne motsin waɗannan lambobi daga sifiri, ba kalmar "lafiya" da faifan yake ba da wa kansa ba, wadda takan ci gaba da fitowa har gab da mutuwa.

Ya kamata a san iyakar wannan tsari. A 2007 masu bincike uku na kamfanin Google, Pinheiro da Weber da Barroso, sun fitar da nazarin faifai fiye da 100,000. Sun samu cewa faifan da ya nuna kuskuren dubawa na farko ya fi sauran yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har ninki 39. Amma sun samu kuma cewa kashi 56 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna ko ɗaya daga manyan alamu huɗu ba, kuma kashi 36 cikin 100 ba su nuna wata alamar SMART ba sam. Ma'ana, idan SMART ya yi magana a saurare shi, amma shirunsa ba shaida ce ta lafiya ba. Wannan nazari ya kuma samu cewa zafi bai shafi mutuwar faifai kamar yadda ake zato ba, kuma akan ji mutane suna kafa hujja da hakan. Ya kamata a tuna cewa faifan da aka nazarta a ɗakuna masu sanyi suke, ba a ɗakin da kilima ta mutu cikin watan Mayu ba.

Ƙananan katangu, irin waɗanda ake sa wa sashe ɗaya ko reshe, galibi ba su da faifai, sai wata ƙwayar ajiya da ake kira eMMC wadda aka like a kan allo. Kowane gurbi nata yana da iyakar sau nawa za a goge shi a sake rubutu. Sababbin ƙwayoyin suna faɗin abin da suka cinye na rayuwarsu a matakai na kashi goma goma, kuma wannan lamba ce da ta cancanci a karanta ta ko da sau ɗaya a wata. Tun da ba a iya cire ƙwayar a sa wata cikin sauƙi, mutuwarta mutuwar na'urar ce. Maganin kuwa mai araha ne: a riƙa tura rajista zuwa wata kwamfuta ta tsarin syslog maimakon a rubuta ta a ciki. Wannan yana da fa'ida ta biyu, domin rajistar da ta mutu tare da na'ura ba ta iya gaya wa kowa abin da ya kashe ta.

Akwai kuma cutar da agogo ke kawowa. A watan Nuwamba na 2019 kamfanin HPE ya sanar cewa wasu faifansa na SSD za su mutu murus da zarar sun cika awa 32,768 a kunne, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8. Ɗalibin lissafi zai gane lambar: 2 ce aka ninka sau 15, iyakar abin da ƙaramin ma'ajin ƙidaya ke iya ɗauka kafin ya kife. Faifai biyu da aka kunna rana ɗaya don ɗaya ya tsare ɗaya, rana ɗaya za su mutu. A 2021 kamfanin Cisco ya ba da irin wannan sanarwa game da katangunsa na Firepower 4100 da 9300, waɗanda faifansu ke daina amsawa bayan awa 28,224, wato kimanin shekara 3.2. Kafin nan, a watan Fabarairu na 2017, Cisco ɗin ya sanar cewa wani ɓangare mai ba da bugun agogo a wasu na'urorinsa, ciki har da katangun ASA 5506 da 5508 da 5516, yana lalacewa bayan kimanin wata 18 na aiki, kuma na'urar da abin ya sama ba ta sake tashi. An danganta matsalar da furosesar Atom C2000 ta Intel, kuma ta shafi wasu kamfanonin da suka yi amfani da ita. Yawan ambaton Cisco a nan bai nuna cewa kayansa sun fi na wasu lalacewa ba. Sanarwarsa ce take a fili, kowa na iya karantawa.

A cikin waɗannan misalai uku babu fankar da ta ƙara sauri, babu zafin da ya hau. Abin da ke ceto shi ne takarda: jerin na'urori da samfurinsu, da lambar ƙirar kowace, da sigar manhajarta, da ranar da aka fara kunna ta, sai kuma mutum guda da aka ɗora wa nauyin karanta sanarwar kamfanin. Muna ɗaukar wannan jeri a matsayin ma'auni kamar sauran ma'aunai.

Ƙwaƙwalwar aiki da kafofin zaren haske ba za su ɗauke mu lokaci ba. Ƙwaƙwalwa irin ta ECC tana gyara ƙananan kurakurai tana ƙidaya su, kuma sandar da ƙidayarta ke hawa ita ce za a canja. Ƙananan kawunan SFP da ake cusa zaren haske a cikinsu suna faɗin ƙarfin hasken da suke aikawa da wanda suke karɓa. Raguwar desibel 3 rabin haske ne ya ɓace, kuma a wurinmu dalilin farko da za a nema shi ne ƙura a bakin zaren.

5. Hanyoyin karɓo lambobi, da haɗarinsu

Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce SNMP, wadda aka tsayar da sigarta ta farko cikin RFC 1157 a 1990. Wata kwamfuta, wadda za mu kira kwamfutar gadi, tana tambayar na'ura ta kafa mai lamba 161, na'urar ta ba da amsa. Kowane ma'auni yana da adireshinsa na jerin lambobi, kuma kundin da ke fassara waɗannan adireshi shi ake kira MIB. Akwai kundi na kowa da kowa don ma'aunan jiki, RFC 3433 na 2002, amma kamfanoni da yawa nasu suke amfani da shi, don haka aikin farko shi ne a karanto duk abin da na'urar ke iya faɗi, a gwada shi da abin da allonta ke nunawa. Manhajojin gadi kyauta suna da yawa: MRTG tun 1995, Nagios wanda ya fara da sunan NetSaint a 1999, Zabbix, LibreNMS. Zaɓi tsakaninsu bai kai muhimmancin yadda aka saita su ba.

Na'ura tana iya kuma aika kuka da kanta, ba tare da an tambaye ta ba, zuwa kafa mai lamba 162. Wannan kuka yana da sauri, amma a sigarsa ta asali babu mai tabbatar da isarsa, kuma na'urar da ta mutu farat ɗaya ba ta kuka. Don haka tambaya a kai a kai, kamar kowane minti biyar ko ƙasa da haka, ita ce ginshiƙi, kukan kuwa ƙari ne.

Tun da mun ce alamar tana cikin sauyi, ajiyar lambobin tana da nata sharaɗi. Manhajoji da dama sukan dunƙule tsofaffin lambobi su mai da su matsakaici don tattalin wuri, kuma matsakaicin yini yana shafe awa biyun da ɗaki ya kai digiri 45 da azahar. A ajiye mafi girman lambar kowace rana, kuma a ajiye ta aƙalla wata 13, don a iya ɗora bazarar bana kan ta bara. Game da iyakar ƙararrawa kuma, iyaka biyu ta fi ɗaya, ta gargaɗi da ta gaggawa, kuma wadda ta tashi a digiri 32 kada ta kwanta sai zafi ya sauko 29. In ba haka ba, ɗakin da ke lilo a kan iyaka zai aika saƙo hamsin a yini, kuma mai karɓar saƙo hamsin ba ya karanta na hamsin da ɗaya.

Sai dai kowace ƙofar da aka buɗe don gadi ƙofa ce a jikin katanga. Sigogin SNMP na 1 da na 2c suna aika kalmar shiga a fili, kuma na'urori da yawa sun zo da kalmar "public" daga masana'anta. A watan Agusta na 2016 wata ƙungiya mai kiran kanta Shadow Brokers ta fallasa wani makamin kutse mai suna EXTRABACON, wanda ke kama katangun ASA ta hanyar SNMP ɗinsu, muddin mai harin ya san kalmar shiga kuma yana iya isa kafar. Siga ta 3, wadda ta zama cikakkiyar ƙa'ida a 2002, tana tantance mai tambaya kuma tana rufe saƙo. Ita ce ya kamata a yi aiki da ita, da izinin karatu kawai, kuma daga adireshin kwamfutar gadi kaɗai. Na'urorin da aka gina kan jikin babbar kwamfuta suna da wata ƙaramar kwamfuta a cikinsu mai bin tsarin IPMI, wanda ya fito a 1998. Tana ganin duk ma'aunai, tana aiki ko da an kashe babbar, tana iya kunna ta daga nesa. A 2013 masu bincike, cikinsu har da Dan Farmer, sun nuna cewa siga ta 2.0 ta wannan tsari tana miƙa rufaffiyar kalmar sirri ga duk wanda ya tambaya da sunan mai amfani na gaskiya, kuma yana iya zuwa ya fasa ta a natse. Kafar IPMI ba ta da wurin zama sai a keɓaɓɓen rezo wanda ɗalibai da baƙi ba su isa gare shi.

6. Na'ura da mataimakiyarta

Ma'aikatar da ke da hali takan sayi katanga biyu, ɗaya tana aiki, ɗaya tana jira, suna musayar bugun rai ta wata waya tsakaninsu, bisa tsarin VRRP ko CARP ko wani na kamfanin. Idan mai aiki ta yi shiru, mai jira ta karɓa cikin daƙiƙoƙi, masu amfani ba su ji komai ba. Wannan rashin jin shi ne matsalar. Ma'aikatar tana iya yin wata shida a kan na'ura ɗaya tana zaton biyu gare ta. Haka kuma mai jiran tana iya mutuwa a zaune, tun da ba ta ɗauke da kowa. Saboda haka kwamfutar gadi ta tambayi kowace na'ura da adireshinta na kanta, ba da adireshin da suke tarayya a kansa ba, kuma sauyin matsayi daga wannan zuwa waccan ya zama abin ƙararrawa ko da komai na tafiya. Wayar bugun rai ita ma a sa mata ido, domin idan ta yanke kowace na'ura za ta zaci ƴar'uwarta ta mutu, su biyu su yi iƙirarin adireshi guda. Kuma na'urori biyu da aka saya tare, aka kunna tare, aka ajiye ƙarƙashin kilima guda, shekarunsu ɗaya, zafin da suka sha ɗaya. Gwada sauyin da gangan, sau ɗaya a zangon karatu, da rana, ma'aikata na nan, shi ne kawai ke nuna cewa mai jiran tana iya ɗaukar kaya.

Abu na ƙarshe shi ne hanyar da ƙararrawa za ta bi. Idan kwamfutar gadi tana aika saƙonta ta wasiƙar intanet, kuma hanyar intanet ta cikin katangar take, to ranar da katanga ta mutu saƙon mutuwarta zai tsaya a bayanta. A ba kwamfutar gadi nata onduler, a haɗa mata modem mai katin SIM don ta aika SMS, kuma a riƙa duba kuɗin katin da wa'adinsa. Tun da ita ma tana iya mutuwa, a saita ta ta aika gajeren saƙo kullum da ƙarfe bakwai na safe zuwa wayoyin mutum biyu, mai ɗauke da zafin ɗaki mafi girma na jiya, da saurin fankoki, da sau nawa aka koma kan batir. Ranar da bakwai ta wuce saƙon bai zo ba, ɗaya daga cikinsu ya ɗauki mabuɗi ya je ya buɗe ɗakin.